Ramukan da Na Toshe

Litinin, 7 ga Afrilu

Yau na yi abin alheri, kuma tun azahar babu mai yi mini magana a gidan nan.

Ga yadda aka yi. Auta, 'yata ta ƙarshe, wadda ta yi karatun zane a babbar makaranta, ta kafa wani ƙaton firam na ƙarfe a bayan shagona, ya kusa ƙofar gareji faɗi. Makonni ke nan tana saƙa a jikinsa da igiyoyin robar da nake saƙa kujeru da su, da hannun da ni na koya mata. Ta saƙa layinmu kaf: shaguna, turakun lantarki, har da karyayyen bencin mai shayi. Kyau kam ya yi kyau. Amma ramuka! Nan rami, can rami, a jere daga wannan gefe zuwa wancan, kamar bakin kakana.

Ni kuwa ba na iya ganin rami a saƙa in zauna lafiya. Ciwo ne. Ko baƙunci na je gidan mutane, baki yana gaisuwa, hannu yana ƙarƙashin kujera yana lalube.

Da ta fita sayen fenti da safe, na ce bari in ba yarinya mamaki. Na toshe su duka. Na ja igiya har tana kuka, na ɗaure a jikin nata igiyoyin, na ƙona bakin kowane ƙulli da kyandir yadda na saba, don saƙata ba ta warwarewa, duk layin nan an shaida. Wani ɗan ƙaramin rami ma an zagaye bakinsa da wasu tsummoki shuɗɗa masu layi-layi, suna reto. Na sa reza na share su, na goge hannu, na watsa a kwandon shara. Na koma na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ina jiran yabo.

Ta shigo, ta ajiye gwangwanayen fenti. Ba ta yi ihu ba. Da ihun ta yi da na samu sauƙi.

"Baba, ina ramukan?"

Na ce sun yi tafiya, sun ce a gaishe ki.

Ta matsa inda ƙaramin yake, ta ɗora tafin hannunta. "Ƙyallen da ke nan fa?"

Na ce motar shara ta zo da hantsi.

Sai ta zauna a ƙasa, da fararen kayanta, a cikin guntayen roba.

Talata, 8 ga Afrilu

Kotu ta kira zama. (Haka nake kiran matata, don a wurinta ba a ɗaukaka ƙara.)

Ashe ramukan su ne aikin. Babbar kwatar da ke gaban shagunanmu, wadda bara ma'aikatan titi suka kwashe fasassun murafenta na siminti suka ce gobe za su kawo sababbi, ita Auta ta saƙa. Kowane rami a saƙar, murfi ne da babu shi a titi. Za a rataya firam ɗin a bangon mai kantin magani, daidai saman kwatar. A bangon kuma za ta zana fuskokin mutanen da suka faɗa, kowa yana leƙowa ta raminsa.

Ƙyallen kuwa.

Rigar makaranta ce ta Maɓalli, 'yar Tela, matar da ke ɗinki a layinmu. Yarinyar da ruwan farko na bara ya tafi da ita ta ƙaramin ramin da ke kusa da famfo. Ina cikin waɗanda suka bi kwatar suna kiran sunanta. Tela ce da kanta ta sa almakashi ta yanka rigar siri-siri ta ba Auta. Ranar ashirin da shida ga wata yarinyar ke cika shekara da rasuwa, ranar za a rataya aikin.

Na ce don me ba wanda ya gaya mini?

Kotu ta ce, "An gaya maka a kan abinci, ba sau ɗaya ba. Kana ba mu labarin ƙaton da ya faɗi da kujera."

Labarin yana da daɗi fa. Amma ban faɗi haka ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na je babban jujin bayan gari neman tsumma shuɗi. Mutum mai furfura, da sanda a hannu, yana tonon shara. Masu tsintar robobi suka zagaye ni, wani ya ce, "Baba, nan wurin da mai shi." Na ce ɗana, ba sana'ar na zo ƙwace ba, hankalina na jefar jiya shi nake nema.

Shuɗin ƙyalle a jujin nan ya isa a yi wa gari guda riga. Babu nata.

Kotu ta ajiye mini bokiti da sabulu a ƙofar gida. Ta cikin taga ta yi nuni.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Auta ta yi mini magana. Gajeriya, kamar takardar sammaci.

"Ka buɗe abin da ka toshe. Kuma kai za ka faɗa wa Tela, Baba. Ni bakina ba zai iya ba."

Na farkon na ɗauka wasa ne. Na sa reza a rami ɗaya, sai ga rufin shagon mai wanki ya zube, turken lantarki ya sunkuya kamar yana gaisuwa. Na ja nawa da ƙarfi ne a jikin nata, yanzu su ke riƙe da juna. In ka yanke nawa, nata ya biyo. Tun ina yaro nake rufe rami. Ban taɓa tunanin yadda ake yin rami ya tsaya da ƙafarsa ba. A aji huɗun da na tsaya ba a kai wannan darasin ba.

Na biyun kuwa ban ma kalle shi ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na zaga ta bayan layi don kada in wuce shagon Tela. Ni da gwiwar nan.

Litinin, 14 ga Afrilu

Wani mutum ya zo da jakar takardu a hammata da takalmi mai ƙyalli, irin wanda bai taɓa tsallake kwata ba. Ya ce daga ofishin kula da tituna. Ya zauna a sabuwar kujerar da na gama, ya gwada ta da baya, ya ce kai, wannan aiki ne. Na ce ranka ya daɗe, ko giwa ta zauna sai dai ita ta gaji.

Ya yi dariya. Sai ya ce an ce ana shirin kafa wani allo a bango.

Na ce allo? Ni kujera na sani.

Ya ce duk abin da za a rataya a bakin titi yana buƙatar izini, kuma masu tayar da hankalin jama'a akan gayyace su su yi bayani. Kalmar "gayyata" ɗin ya ja ta kamar igiya. Ya tambayi shekarun Auta. Me ya haɗa shi da shekarunta?

Na ga yaran da aka gayyata. Wasu sun dawo da yamma. Ɗan mai faci sai da ya yi kwanaki, ya dawo ba ya son a rufe ƙofa.

Sai wani tunani ya shigo, bai yi sallama ba: in ramukan nan ba su buɗu ba kafin ranar, babu abin ratayawa. In babu abin ratayawa, babu gayyata. Auta za ta yi fushi, amma fushin a ɗakinta za ta yi shi.

Ban yanke komai ba. Na dai lura yau hannuna ya yi nauyi.

Talata, 15 ga Afrilu

Mai walda, maƙwabcina, wanda ya haɗa firam ɗin, ya leƙo yana ɗaga baƙin gilashinsa.

"Injiniya, har yanzu kana makokin tsumma? Yadin makaranta ne fa. Yana nan kasuwa dami-dami. Ka sayo, ka tsufar da shi, ka ɗaura. Wa zai sani?"

Na ce kai dai Allah ya shirye ka, shawararka kullum sai ta bar wa mutum tabo.

Ya ce, "To je ka faɗa mata gaskiya."

Na tambaye shi wane layi ne a kasuwar.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na sayo. Shuɗin iri ɗaya, layin iri ɗaya. Na yanka siri-siri, na jiƙa a ruwan shayi, na goga a dutse, na shanya, na sake jiƙawa. Da na yi wa karatu rabin wannan naci da yanzu ni ne mai jakar takardu.

Ina tsugune a bayan gida ina murza shi sai inuwa ta rufe ni. Kotu.

Na ce gwaji nake yi, ko shayi yana kama yadi.

Ta ce, "Matar nan ita ta ɗinka rigar, ita ta yi ta wanke ta, ita ta yanka ta. Kai kuma za ka kai mata shayi."

Na ce don in rage mata ciwo ne.

"Ciwon wa?"

Ta juya, sai ta waiwayo. "In ka gama wanke ƙaryar, ka shanya ta inda Auta ba za ta gani ba."

Abincin rana bai wuce mini ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

An kama ni. Na fito sayen kyandir, sai murya daga tsallaken kwata: "Baban Auta! An daina bin layinmu ne?"

Tela, da tef a wuya. Ta rame, ko ni ne ban lura ba da. Na ce gwiwa ce, likita ya ce in riƙa zagaye. Ta yi ɗan murmushi. Sai ta rage murya.

"Ta zauna da kyau a wurin?"

Rigar take nufi. Ko yarinyar. Ban sani ba.

Na ce ƙwarai.

Ƙwarai! Bakin nan nawa ya kamata a ƙona ƙarshensa da kyandir.

Na dawo shago na ɗauki filaya don in samu abin riƙewa. Sai na ga abin da ke naɗe a hannun filayar. Ranar da na yi aika-aikar, ƙarfen ya fasa mini tafi, na tsinci ƙyalle ɗaya daga ƙasa na naɗe wurin riƙon. Shi ne. Shuɗi mai layi, ya sha gumi da baƙin mai, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Duk kwanakin nan yana cikin hannuna ina tonon juji.

Na warware shi a hankali kamar mai cire bandeji. Yana aljihun gaba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Auta ta zo ta zauna gefena a gaban firam. Tun ranar ba ta yi haka ba. Ta kalli ɗan abin da na buɗe, ta kalli hannuna.

"Baba, na san saurin hannunka. Kujera guda kake gamawa kafin shayi ya huce."

Na ce tsufa.

"Mutumin ofis ya zo, ko? Mai walda ya gaya mini."

Mai walda! Bakinsa ma buɗaɗɗen rami ne, shi ya kamata in toshe.

Na ce mata ni ban san zane ba, ban san bincike ba, abin da na sani shi ne ni na goya ta ranar da ta yi ƙyanda uwarta na kwance. Na ce kwata ba ta jin zane. Na ce in suka tafi da ke, wace igiya zan ja in dawo da ke?

Ta ce, "Ni ma tsoro nake ji." Ta dubi firam ɗin. "Amma Tela ta ba ni rigar 'yarta. Ba ajiya ta ba ni ba."

Don kada in yi abin kunya sai na ɗauki wata guntuwar waya ina lanƙwasawa, ta zama zobe. Ina kallon zoben sai abin ya faɗo mini. In ka fara ɗinke zoben waya a kewayen wurin, ka kama kowace igiya tata ka mayar da ita ta naɗe zoben ta koma kan kanta, sannan ka yanke nawa daga tsakiya, ramin zai buɗe, bakinsa kuma ya tsaya cak kamar wuyan tulu.

Muka gwada. Ya tsaya. Rufin mai wanki bai motsa ba.

Auta ta ce, "Ya fi nawa na da kyau."

Na ce to dama.

Hannun ya daina nauyi. Tsoron dai yana nan yadda yake.

Talata, 22 ga Afrilu

Hadari ya haɗu da rana tsaka, aka ɗan yi yayyafi daidai tashin 'yan makaranta. Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina a bakin kwata, da igiya ja a hannu, ina daka wa 'ya'yan mutane tsawa su bi tsakiyar titi. Wata uwa ta ce sannu da aiki, yallaɓai. Ban gane ko zolaya ce ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na je.

Na sa ƙyallayen shayi a aljihun dama, na gaskiya a aljihun gaba. Har na isa ƙofarta ban san wanne hannuna zai ciro ba.

Tana kan keke tana ɗinka wani labule. Ta ce in zauna, na ce a'a. Mai saƙar kujera ya ƙi zama, ai ka san da magana. Ta tsayar da ƙafa.

Na shirya jawabi a hanya, har da gabatarwa. Duk ya gudu. Na ce, "Maman Maɓalli, rigar nan na yar da ita. Ban san ta ba ce. Na ɗauka tsumma ne, na yanke, motar shara ta tafi da ita. Ranar Asabar da na ce miki ƙwarai, ƙarya na yi."

Ba ta kalle ni ba. Ta mayar da ƙafa, keken ya ci gaba. Ta kai ƙarshen layin, ta juya labulen, ta sake wani. Ni ina tsaye kamar turken da Auta ta saƙa. Da ta zage ni da na gode mata.

Can ta ce, "Duka?"

Na ciro na aljihun gaba na ajiye a kan teburin keken. Na ce saura wannan, kuma na ɓata shi da baƙin mai.

Ta ɗauka. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta bi shi da babban yatsa har inda wani ɗan ɗinki yake.

"Gefen aljihu ne," ta ce. "Nan take cusa maɓallan da take sata mini." Ta shafa baƙin man. "Ba ta taɓa dawowa da rigar nan da tsabta ba. Ko sau ɗaya."

Ta yi wani sauti, na ɗauka dariya ce. Wataƙila da farko dariyar ce.

Na tsaya har ta gama. Ban yi wasa ba. A rubuta wannan, don ba a saba gani ba.

Da ta share fuska ta ce, "Me ke leƙowa daga wancan aljihun?"

Na ciro su. Na faɗa mata har da shayin. Ta juya su a hannu, ta ce, "Kai da wa?" Na ce ni da shaiɗan da mai walda. Ta jefa su cikin kwandon guntayenta.

Sai ta shiga ciki ta fito da wata 'yar kujera. Na gane ta tun daga nesa, ƙullina ne. Ni na saƙa ta lokacin yarinyar tana koyon zama, ja da ruwan ɗorawa. Tsakiyarta ya huje, don a kai take tsayawa ta leƙa taga.

"Ta daɗe tana cewa a kai wa Baba mai kujera, ina cewa gobe. Ka yar mini da riga. To ka saƙa mini wannan."

Na ce yau-yau ɗin nan.

Ta ce, "Ban ce yau ba. Ka fara gama na bango."

Juma'a, 25 ga Afrilu

An gama. Yatsuna duk sun fashe.

Auta da abokanta masu gwangwanin fesa fenti sun wuni biyu suna zana fuskoki a bangon mai magani. Fuskoki kawai, warwatse, babu jiki. Masu wucewa suna cewa yaran nan sun zare. Mai magani yana fitowa yana komawa, yana cewa shi fa bango kawai ya bayar, bai san komai ba.

Duk motar da ta rage gudu sai gabana ya faɗi. Kotu ta ce in na ƙara leƙa ƙofa za ta ɗaure ni a kujera da igiyata.

Asabar, 26 ga Afrilu

Da safe muka ɗauko shi, ni da mai walda da abokan Auta. Nauyi kamar laifi. Ni na riƙe tsani, Auta a sama, ina cewa a hankali, tana cewa Baba kai ne kake girgiza shi.

Da firam ɗin ya zauna a kan ƙusoshinsa sai kowace fuska ta faɗa cikin raminta. Ga mai burodi da ya karya haƙarƙari yana leƙowa. Ga tsohuwar da ke sayar da gawayi. Ga malamin makaranta da kekensa. Layinmu a saƙe, mutanenmu a cikin ramuka, ƙasa kuma ga ainihin kwatar da bakinta a buɗe. Mutane suka taru har masu mota suna tsayawa. Mai burodi ya ce an rage masa hanci, a gyara.

A wani rami babu fuska, sai ƙafa ɗaya a sama, babu takalmi. Kowa ya fashe da dariya yana nuna ni. Watan da na zurma na rasa takalmin ɗaurin auren ɗana, na ce wa Kotu ɓarawo ne ya sace a ƙofar shago. Auta ta san komai ashe. Kotu ta kalle ni, ta ce za a yi zama.

Dariyar ta yi ta tafiya har ta iso ƙaramin ramin kusa da famfo, ta tsaya. Nan babu fuska, Tela ta ce kada a zana. Baƙin fenti ne kawai, da ƙyalle ɗaya ɗaure a bakin zoben, iska tana kaɗa shi.

Tela ta zo da allura a bakinta. Ta hau tsani taki biyu, na riƙe mata. Ta ɗinka wani ɗan farin maɓalli a ƙarshen ƙyallen, ta ciji zaren, ta sauko, ta koma shago. Muka ji keke ya tashi.

Auta ta ce mini a kunne, ɗayan nan ya fi dukan rigar magana. Na ce kada ki sake ki ce na yi daidai. Ta ce ba ta ce ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Gayyatar ta zo.

Na sa babbar rigata na bi ta. Ta ce in zauna a gida, na ce ni ma ina da bincike. Aka ajiye mu a wani dogon benci tun safe har rana ta karkata. Kujerun ofishin duk sun huje, na zauna a kan hannuwana don kada su ba ni kunya.

Da aka kira mu, mai jakar takardu ya ce wa ya yi wannan aiki. Auta ta buɗe baki, na riga ta. Na ce ranka ya daɗe, zanen nata ne, amma ramukan nawa ne, ni na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in akwai mai kwana a nan ni ne, kuma ina minshari.

Ya ce, "Ba kai ka ce kujera kawai ka sani ba?"

Na ce an ƙara mini karatu.

Ya yi ta rubutu. Ya fita, ya dawo, ya sake fita. Auta ta kama gefen rigata a ƙarƙashin tebur kamar tana 'yar shekara biyar. Daga ƙarshe ya ce a sauke abin cikin mako guda, in ba haka ba za a sake gayyata. Auta ta ce a rufe kwatar, ita da kanta za ta sauke. Na taka mata ƙafa. Ta taka tawa.

Mun dawo gida dai, mu biyu. Na ci abinci kwano biyu, sannan na fita bayan gida na amayar.

Laraba, 30 ga Afrilu

An kawo katako an ɗora a kan ramuka biyu, waɗanda ke bakin babban titi inda ake gani daga mota. Na kusa da famfo yana nan.

Lahadi, 4 ga Mayu

Gobe makon ke cika. Ba mu sauke ba. Ba na barcin kirki, Kotu ta ce ina surutu ina cewa a riƙe tsani.

Ni da mai walda mun ɗora wani tsohon ƙyauren ƙarfe a kan ramin famfo, mun danne da duwatsu. Ba murfi ba ne, amma ƙafar yaro ba za ta wuce ba. Auta ta ce ko an rufe na ƙasa, na bango yana nan a buɗe. Na ce wa ya ce zai taɓa shi?

Kullum da safe kafin in buɗe shago nakan bi ta wurin in duba zobban, in ja wanda ya saki. Ba don komai ba, igiyata ce, kada a ce saƙata ta warware. Jiya wani baƙo yana ɗaukar hoto ya tambayi wa ya yi bakin ramukan nan. Na ce wani tsoho ne, ba shi da hankali sosai, amma yana da hannu.

'Yar kujerar tana kusurwar shago. Na sayo igiyar, ja da ruwan ɗorawa, na auna, na yanka. Aikin da bai kai shan shayi ba. Na ɗauke ta na ɗora a cinya, na sa yatsa a ramin. Daidai faɗin ƙafafu biyu ne, ƙanana.

Na mayar da ita kusurwa.

Tela ta wuce ɗazu, ta leƙo, ta kalli kujerar, ta kalle ni. Na ce gobe.

Ta ce, "Ni ma haka na riƙa cewa."

Gobe zan fara. In hannun ya yarda.